Kujerun Brazil na Gidan Dokta

Ranar da Dokta Soumaïla ya kawo kujerun, Rafi'atu na durƙushe a garejinta tana ɓare tsohuwar leda daga bencin wani gidan cin abinci. Irin aikin da ya fi zuwar mata ke nan: benci, kujerar aski, kushin ɗin mota da sigari ta ƙona. Ta koyi ɗinki tun tana budurwa a Kumasi, ta zo Amurka ta yi shekaru tana ɗinka rigunan kujera a wata masana'anta a High Point. Da aka rage ma'aikata sai ta mayar da garejin gidansu na Pleasant Garden shago. Mijinta Abdul-Majeed direban motar raba kaya ne, ranakun Asabar da Lahadi yake taya ta aikin katako.

Dokta mutumin Maraɗi ne, likitan ƙoda a wani asibiti cikin gari, kuma masallaci ɗaya suke sallar Juma'a. Ya sauko daga motar kayan da ya ɗauko haya yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Malama Rafi'atu, zo ki ga abin da Allah ya ba ni."

Kujeru uku ne, doguwa ɗaya da ƙanana biyu masu hannu. Gajeru ne ƙwarai, masu faɗi, ƙafafunsu kauri kamar taɓarya. Ba su da sifirin ko ɗaya. Ɗamarun fata aka saƙa a jikin katakon, aka ɗora kushin a kai yana zubowa ta kan hannuwa. Fatar ta bushe ta tsattsage, ɗamarun rabi sun tsinke, soson ciki ya zama gari. Amma da Rafi'atu ta shafa hannu a katakon sai ta ji ba irin wanda ta saba ba ne. Baƙi-baƙi ne mai jirwayen ja, santsi, nauyi kamar ƙarfe, kuma duk inda ta duba ba ta ga kan ƙusa ba. Haƙa katakon aka yi aka zura wannan cikin wancan.

"Daga Brazil suke," in ji Dokta. "Aikin shekarun alif ɗari tara da sittin. Jakaranda ake ce ma itacen, yanzu ko da kuɗinka ba a sare shi. Wani tsoho ne a Irving Park ya rasu, 'ya'yansa suka yi gwanjon kayan gidan. Ina so su koma yadda aka yi su. Fata mai launin zuma, kushin ba mai kumburi ba, katakon kuma mai kawai za a shafa masa. Kar ƙusa ta taɓa shi, don Allah."

Ya ce yana so su shiga falo kafin bikin ɗiyarsa Yasmina, bayan Babbar Sallah. Lokacin sanyi bai ma gama wucewa ba, don haka Rafi'atu ta ce ba damuwa.

Makonnin farko daɗin aikin ya hana ta jin gajiya. Ta kwance tsoffin kushin ɗin a hankali, ɗinki bayan ɗinki, ta shimfiɗa su a takarda ta fitar da samfur. Ta je har wajen masu sayar da fata a Hickory, ta yi ta juya ƙiraga sai da ta sami mai laushin da take so. Abdul-Majeed ya goge katakon da ƙyalle da mai, jirwayen suka fito kamar an kunna musu fitila. Da ta gama ƙaramar kujera ta farko ta zauna a ciki, sai ta ji ta nutse kamar jariri a goyo. Ta kira mijinta.

"Baban Khadijah, zo ka zauna ka ji. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa ɗinka abu irin wannan ba."

A satin nan ne Hajiya Kaltouma, matar Dokta, ta tare ta a ƙofar mata bayan an idar da Juma'a. Hajiya babba ce a cikin matan masallacin. Lokacin da Rafi'atu ta haifi Khadijah ba ta da kowa a garin, Hajiya ce ta riƙa tuƙo mota tun daga gidanta na Sedgefield da kunun kanwa a fulas, ita ta gasa mata jiki, ita ta tsaya a kan suna. Mama Rafi'atu take ce mata.

"Ɗiyata, an ce kayan salon ɗina, kujerun falon nan, suna wurinki. Gobe zan zo in gani."

Ta zo kuwa. Ta tsaya a bakin gareji da jakarta a hammata, ta dubi kujerar da aka gama, ta dubi ƙwarangwal ɗin sauran biyun, ta riƙe haɓa.

"Wannan mi ke nan? Waɗannan ne ya fitar min da kujeruna saboda su? A nan surukaina za su zauna, gwiwa a haɓa kamar masu jiran mota a tasha?"

"Mama, haka ƙirarsu take. Ki zauna ki ji, wallahi akwai daɗi."

"Ba ni zama. Saurara ki ji. Soso za ki sa mai kauri, ninki biyu. Karammiski ja mai duhu, da igiyar zinariya a baki. Ƙafafun kuma mijinki ya ƙara musu tsawo."

"Amma Dokta ya ce…"

"Dokta asibiti yake kwana yake tashi. Ni ke zaman salon ɗin. Bar ni da shi, za mu yi magana."

Rafi'atu ta jira maganar. Ba ta ji komai ba. Ta kira Dokta, bai ɗauka ba. Da yamma ya turo saƙo: ta ci gaba yadda suka yi. Ta kira Hajiya ta faɗa mata. Hajiya ta ce ai ba su samu zama ba ne, kar ta kuskura ta taɓa fatar nan. Ta sake kiran Dokta. Ya ɗauka yana tafiya, ana ta kiran sunansa a lasifika ta bayansa.

"Bon, ki yi mata abin da take so a ɗaya, mu gani. Sai anjima."

Sai ta ajiye fata ta sayo karammiski. Ba ta son sa, amma ba ta iya aikin ganin-dama ba, don haka ta zauna ta ɗinka shi tsaf, ta bi bakinsa da igiyar zinariya da hannu. Ƙarin ƙafa ne kawai Abdul-Majeed ya ƙi. Ya ce ko Hajiya za ta tsine masa ba zai huda wannan katako ba. Kujera ta biyu ta fito ta kumbura, hannuwanta sun ɓace cikin ja, ta tsaya kusa da 'yar'uwarta kamar ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Dokta ya biyo wata Lahadi bayan la'asar. Ya tsaya a gabanta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Innalillahi. Wa ya sa ki wannan?"

"Kai, Dokta. A waya."

"Ni na ce ki nuna mata samfur! Ɗan ƙyalle haka, ta gani ta gane bai dace ba. Ban ce ki naɗe min kujera kamar amarya ba."

Rafi'atu ba ta ja da shi ba. Ta ce to, ya yi haƙuri, yanzu yaya za a yi da doguwar? Ya ce fata, ba wata magana, kuma wannan jar a kwance ta. Ta ce ya fara gaya wa Hajiya. Ya ce zai gaya mata yau ɗin nan.

Washegari ta shimfiɗa ƙirgin fata mafi girma ta yanka. Fata ba yadi ba ce. In almakashi ya shiga ya shiga, in allura ta huda ramin na nan har abada. Ta ɗinka kushin ɗin baya, ta kama na zama, sai ga saƙon murya daga Hajiya, dogo, ana jin ƙarar tukunya a bayansa. Ta ga hoton jar kujerar a wayar Yasmina, ta yi kyau, Allah ya yi albarka, doguwar ma haka za a yi ta. A ƙarshe muryar ta yi ƙasa: "Ni dai na san ba za ki kunyata ni ba, ɗiyata. Ba ki manta ba ai."

Rafi'atu ta ajiye wayar a kan keke ta dafe kai. "Eii, asem ben ni," ta ce da Twi, wato wace irin fitina ce wannan.

Haka aka shiga azumi, haka aka fita. In ta taɓa fata Hajiya ta kira, in ta taɓa karammiski Dokta ya turo saƙo. Kowannensu cewa yake ai sun yi magana, kowannensu kuma in ya zo shi kaɗai yake zuwa. Doguwar kujera ta mamaye rabin garejin, ba a iya jingina komai a jikinta, ba a iya ɗora komai a kanta. Mai gidan abincin nan da ya saba kawo mata aiki ya zo da bencina cike da mota, ya leƙa ya ga babu wurin sauke su, ya ce zai dawo. Bai dawo ba. Daga baya ta ji ya kai wa wani a Burlington.

A masallaci ta fara zama can ƙarshen sahu, tana fita kafin a shafa addu'a. Wata rana ta soki yatsanta da allurar fata har jini ya ɗiga a kan fatar mai launin zuma, ta yi ta gogewa tana kuka, ba don zafin yatsan ba.

Abdul-Majeed ya same ta a haka da ya dawo aiki. Ya jawo bokiti ya kifa ya zauna.

"Mman Khadijah, mutanen nan ba kujera suke faɗa a kai ba. Ke suka mayar waya, kowa na kiran ɗan'uwansa ta cikinki."

"To in yi yaya? In ce wa Mama ƙarya take? Matar da ta wanke ni?"

"Ban ce ki ce wa kowa komai ba. Ki haɗa su wuri ɗaya, su faɗa a gaban juna."

"Na gwada. Dokta ya ce yana kan aiki, Mama ta ce ƙafarta na ciwo."

"To mu kai musu. Gidansu ai ba za su ce ba sa nan ba."

Ta ƙi a ranar. Ta ƙi a satin. Da aka fara maganar layya, bikin ya matso, Hajiya kuma ta turo mata hoton labulen da ta saya don ya dace da ja, a ranar da Dokta ya turo nasa hoton na wata kujera irin tasa a wani gidan tarihi, sai ta fita tsakar gida ta ce wa mijinta ya aro motar kaya.

Ranar Asabar da hantsi suka isa Sedgefield. Motocin gidan biyu duk suna ƙofa. A can gefe turawa na ta buga ƙwallon golf cikin ciyawa. Dokta ne ya buɗe, da jallabiya da kofin shayi, Hajiya ta leƙo daga kicin. Aka gaisa, aka tambayi yara, sannan Abdul-Majeed ya fara shigo da kaya. Falon fayau yake, kafet ne kawai da talabijin, don tun watannin baya Dokta ya ba da tsoffin kujerun sadaka. Suka ajiye ta zuma a dama, ja a hagu, ƙwarangwal ɗin doguwar a tsakiya. Rafi'atu ta ɗora fatar da ta yanka a hannu ɗaya, karammiskin a ɗayan.

"Mama, Dokta, ku gafarce ni. Na kasa. Ga su nan, ku faɗa min abu ɗaya ina tsaye, in koma in yi."

Dokta ya ajiye kofinsa a ƙasa.

"Kaltouma, zauna a wannan sau ɗaya kawai. Sau ɗaya."

Hajiya ta harare shi, amma ta zauna a ta zumar. Ta nutse. Na ɗan lokaci fuskarta ta saki. Sai ta yunƙura za ta tashi, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta kama hannun kujerar, gwiwarta ta ƙi. Sai da Rafi'atu ta kama ta da hannu biyu ta ɗaga ta.

"Voilà," in ji Hajiya tana haki. "Ka gani? Kai likita ne, kai ka kai ni aka ɗauki hoton gwiwar nan. Ka tambaye ni kafin ka saya? Na dawo daga Maraɗi na tarar salon ɗina wayam. Kujerun da na saya da aikin hannuna, lokacin da nake kitso kana karatu."

"Sun tsufa, Kaltouma."

"Waɗannan yara ne?"

Dokta ya shafa kai. Ya ce lokacin da yake ɗalibi a Dakar akwai wani malaminsu da ke da irin wannan kujera a gidansa, su ɗalibai a tsaye suke in sun je, ba wanda ya taɓa ce musu su zauna. Tun ranar ya sa a ransa. Hajiya ta ce shekara talatin da wani abu suna tare bai taɓa ba ta wannan labari ba, sai yau a gaban baƙi. Ya ce ba ta taɓa tambaya ba. Ta ce yaushe yake gida da za a tambaye shi. Murya ta fara hawa, Faransanci ya shigo, Rafi'atu ta daina gane rabin abin da ake faɗa. Ta tsaya dai tana jira, tana ganin ko yanzu ko anjima ɗaya zai sauko.

Sai Hajiya ta juyo kanta.

"Ke kuma, Rafi'atu, abin da za ki saka min da shi ke nan? Ki kwaso kaya ba sanarwa ki zube min a tsakar ɗaki, ki sa ina faɗa da mijina a gaban mijinki?"

"Gaskiya wannan bai kamata ba," in ji Dokta. "Da kin kira ni tukuna. Aiki aka ba ki, Malama, ba sulhu ba. In kin ga akwai saɓani ai sai ki dakata."

Rafi'atu ta dube shi, ta dubi Hajiya. A karon farko tun da aka fara wannan aiki, bakinsu ya zo ɗaya.

"In dakata?" in ji Rafi'atu. "Dokta, tun sanyi nake dakatawa. Na kira ka, ka ce fata. Na kira Mama, ta ce karammiski. Na ɗinka, an ce in kwance. Na yanka, an ce wa ya sa ni. Masu kawo min aiki sun gudu saboda ba wurin ajiye nasu. Gida ɗaya kuke kwana, tukunya ɗaya kuke ci, amma maganar kujera sai ta bi ta Pleasant Garden kafin ta iso ɗayanku. Mama, ban manta alherinki ba, har in mutu ba zan manta ba. Amma ni ma mutum ce."

Abdul-Majeed ya taɓa gwiwar hannunta. Ta durƙusa ta yi musu sallama yadda aka koya mata a gida, suka fita. Ba wanda ya rako su.

Ta yi zaton za a kira ta cikin satin. Ba a kira ba. Dokta ya turo mata haƙƙin aikinta ta waya, ba tare da ko kalma ɗaya ba. Aka yi Sallah, aka yi biki. Ta je, don rashin zuwa ya fi zuwa muni. Falon cike yake da fararen kujerun haya, na Brazil ko alamarsu babu. Hajiya ta amsa gaisuwarta da "lafiya lau" tana kallon wani wuri, wasu mata biyu kuma suka yi shiru da ta zo wucewa. Ta ci shinkafa kaɗan ta tafi.

Yasmina ce ta gaya mata daga baya, a wurin ajiye motoci na masallaci, rabi da Hausa rabi da Turanci. Iyayenta sun yi ta ja har suka gaji, a ƙarshe Baba ya sayar da kujerun Brazil ɗin ga wani dillalin tsoffin kaya a High Point, Mama kuma ta sayo wasu manya masu maɓallin ɗaga ƙafa. Baba ba ya zama a cikinsu, a kafet yake zama.

Da kaka ta shigo, ganye ya fara ja, Rafi'atu ta shiga High Point sayen zare. Tana tafe a ƙafa daga inda ta ajiye mota sai ta hango kujerun ta gilashin wani shago, an haska musu fitila. Ba ta yi shakka ba, ta san jirwayen nan kamar tafin hannunta. Duka ukun an lulluɓe su da wani farin yadi mai gashi-gashi kamar bayan tunkiya. Karammiskin ya tafi, wannan ba ta damu ba. Amma fatar zumar ma ta tafi.

Ta tura ƙofa ta shiga. Ta durƙusa gaban ƙaramar kujerar da ta fara gamawa, ta leƙa ƙarƙashi. An cire ɗamarun fatar da ta saƙa, an ja wata igiyar roba, an bi ta da ƙusoshin bindiga a jere, kai tsaye cikin jakarandan. A wuri ɗaya katakon har ya tsage.

Wata budurwa mai kula da shagon ta matso da murmushi, ta ce mata da Turanci kayan nan sun zo daga Brazil, an gyara su tsaf yadda suke tun asali, kuma don Allah ba a taɓawa.

Rafi'atu ta buɗe baki. Ta rasa ta inda za ta fara, da wane harshe, kuma don wa. Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwar zanenta, ta ce na gode.

A mota ta kira Abdul-Majeed, yana kan hanya bai ɗauka ba. Ta tuƙa tana magana ita kaɗai, tana faɗa wa Dokta, tana faɗa wa Hajiya, tana faɗa wa mai bindigar ƙusa da ba ta taɓa gani ba. Sai da ta kusa shiga Pleasant Garden ta tuna ba ta sayi zaren ba, ga kujerun askin wani ɗan Togo suna jiran ta a gareji, ta yi masa alkawarin gobe. Ta ja tsaki, ta shiga wani gidan mai ta juya.